Baƙon Inna

Babana ya fi shekara talatin a Gadarif, amma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce a hanya yake. Da ƙafa ya baro ƙasar Hausa yana saurayi, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare masa a nan, ya shiga yankan dawa a manyan gonakin Gadambaliya don ya tara na gaba. Ya tara, sai ya auri Inna. Ya sake tarawa, sai aka haife ni. Kowace kaka akwai abin da zai cinye niyyar, amma niyyar ba ta mutu ba.

Shi ya sa bai yarda ya yi gini ba. A guɗɗiya muka tashi, bukkar ciyawa mai tsinin kai irin ta garin nan, kuma ko bishiya bai bari an dasa a tsakar gida ba. Wai matafiyi ba ya dasa abin da zai riƙe masa ƙafa. Haraminsa na cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Duk shekara yakan fito da shi ya shanya, ya ninke, ya mayar. Ina son Baba, Allah ya sani, amma taurin kansa ya sha sa ni kuka.

Wata damina, ina gida wankan jego, mijina yana can garin Doka yana aikin tarakta, sai doka ta sauko daga Khartum. Baƙi masu wucewa ba za su ƙara zama a cikin gari ba, za a kwashe su zuwa wani fili can bayan gari, a raba wa wasu filayensu. Unguwarmu ta ruɗe. Yawancinmu ba mu da takardar jinsiyya, ta zama ɗan ƙasa, don iyayenmu ba su taɓa ganin amfanin nemanta ba.

Majalisar gari dai ta san wanda yake yanka mata riɗi, ta san 'ya'yan wa suka cika makaranta. Ba ta iya soke dokar sama ba, sai ta nemo mana ƙofa. Duk wanda ya daɗe, idan ya faɗa da bakinsa a gaban shehun unguwa cewa shi mazauni ne, za a bar masa filinsa, muddin ya gina ɗaki ɗaya na dutse. Majalisar ma ta ce motarta za ta kawo dutsen. Maƙwabta suka yi ta faɗa, har da waɗanda suka zo bayan Baba da nisa.

Jami'in da aka turo mana wani siriri ne daga bakin kogi, can arewa. A ƙafa ya zo shi da shehu, don baƙar lakar Gadarif ba ta san motar gwamnati ba. Takalminsa ya yi nauyi kamar ya ɗaura turmi. Na dafa masa jabana, gahawarmu mai citta, ya zauna a tabarma kusa da Baba.

"Ya Hajji," in ji shi da Larabci, "kalma ɗaya nake so. Kai mazaunin garin nan ne?"

"Ban je ba tukuna, kada ka ce mini Hajji," in ji Baba. "Kuma ni a hanya nake, ɗana."

Jami'in ya dubi shehu, shehu ya dubi ƙasa. Ya shanye gahawarsa, ya ce yau bai ji da kyau ba, zai dawo.

Suna fita na tasam ma Baba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce wace irin hanya ce wannan da jikoki suke haifuwa a kanta? Na ce in aka watsar da mu bayan gari, inda ko ruwa sai an yi yini ana jiran jakin mai kawo shi, da wannan jinjirin zan bi shi? Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce, "'Yata, na yi wa Allah alkawari tun ba ni da gemu. In na ce na zauna, na ce masa na fasa. Ba zan saya wa kaina fili da wannan ba."

Jami'in ya dawo, ya sake dawowa. Ya zaga ta nan, ya zaga ta can, ya ce ai zama ba ya hana tafiya. Baba ya ce haka ne, amma dai shi a hanya yake. A zuwansa na ƙarshe ko gahawar bai iya sha ba. Ya ce wa'adin da aka ba majalisa ya ƙare, gidanmu kaɗai ya rage, kuma shi ba zai sa wa dattijo maganar da bai faɗa ba.

Inna tana bayan zana tana yin kisra, siririyar wainar dawa ta mutanen nan. Ita ma baƙuwa ce, a goye aka shigo da ita ƙasar nan, kuma tunda nake ban taɓa jin ta sa baki a maganar maza ba. Sai muka ji muryarta, ba ta ko ɗaga ba.

"Malam a hanya yake, gaskiya ya faɗa. Ni kuwa na zauna. 'Ya'yana biyu suna kwance a maƙabartar bayan dutsen can, ba inda zan je in bar su."

Jami'in ya juya wajen shehu ya tambaye shi ko ya shaida matar nan ta daɗe a unguwa. Shehu ya ce tun kafin a ba shi shehuntaka. Jami'in ya ce majalisa cewa ta yi mazauni, ba ta ce namiji ba, don haka da sunan Inna za a rubuta filin. Sannan ya matsa kusa da Baba, ya sassauta murya.

"Baffa, ka yarda ka sauka a gidan matar nan, kafin hanya ta buɗe?"

Baba ya daɗe yana murza carbi. Can ya ce, "Matafiyi ba ya ƙin masauki."

Da ƙasa ta bushe motar majalisa ta juye mana dutse, maƙwabta suka yi gayya. Baba ya fi kowa ɗauka, yana cewa taimakon mai masauki wajibi ne. Inna kuwa, ranar da aka rufa ɗakin ta dasa dogonyaro a tsakar gida, ba ta tambayi kowa ba.

Daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk sanda ya dawo daga gona, sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ba zai shiga ba sai Inna ta amsa. Ita kuma ta samu abin tsokana. Takan bar shi tsaye har ta gama juya tuwo, sannan ta ce, "Wai baƙon nan bai tafi ba har yanzu? To, shigo." Ya shigo yana dariya ƙasa-ƙasa.

Bai je Makka ba. Har yau abin yana yi mini ciwo. Da ciwon ajali ya kama shi, asibiti suka ce a mayar da shi gida. Mijina da maƙwabta suka ɗauko shi a kan gado, suna isowa ƙofa ya ɗaga hannu su tsaya. Da ƙyar muryarsa ta fita, ya yi sallama.

Inna ba ta bar shi ya jira ba. Ta fito har bakin ƙofa, ta kama ƙafar gadon da hannunta.

"Shigo, Malam," in ji ta. "Sannu da hanya."