Shekarar da Baba Ya 'Yanta Iya

A bakin kawuna na fara jin kalmar nafaƙa, ina 'yar shekara goma sha wani abu. Har yau in wani malami ya ambace ta a wa'azi, warin jiƙaƙƙiyar dusa nake ji a hancina.

Iya ba uwata ba ce. Baiwa ce, kakana ya saye ta tana yarinya a hannun wasu fatake da suka biyo ta Tsafe. Ba ta san garinsu ba, ba ta tuna yarensu, sai dai zanen fuskarta da ba irin namu ba. Ita ta goyi Baba, ita ta goye ni. Da Nasara suka zo suka hana ciniki da mutane, samarin bayin ƙauyenmu suka yi ta sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Iya ko a jikinta. In an tsokane ta da zancen tafiya sai ta ce, "In tahi ina? Wa zai cire ma wagga ƙazama ƙwarƙwata?" Ni ce ƙazamar.

Lokacin da nake ba da labari ta tsufa tukuf. Ba ta iya daka, ba ta iya zuwa rafi, idonta ɗaya ya yi yana. Aikin da ya rage mata shi ne jaki: kullum da safe ta jiƙa masa dusa da kanwa a wata tsohuwar ƙwarya, ta kai masa turke, ta tsaya tana yi masa faɗa kamar mai ji.

A shekarar ne ruwa ya ɗauke gero na da ciki. Abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Baba ya karɓe awo daga hannun Inna, wato mahaifiyata, ya koma auna hatsi da kansa, har yana shafe bakin ƙwarya da tafin hannu.

Wata ranar kasuwa ya sa babbar riga, ya ɗora Iya a kan jaki, ya ja ta zuwa Bungudu wurin alƙali. Da la'asar suka dawo. Ya tsaya tsakar gida ya ce a gaban shaidu ya ɗiyauta ta, wato ya 'yanta ta, daga yau ita ɗiya ce kamar kowa, ba mai iko da ita sai Allah. Maƙwabta suka shigo barka. Ana ta cewa malam ya sayi lahira. Ni kam na yi tsalle har na yar da kallabina, don ban taɓa ganin ubana da girma irin na ranar ba. Iya ta zauna bakin ɗakinta tana murza yatsun ƙafa, na ɗauka farin ciki ne ya zaunar da ita.

Da aka kwashe tuwo, na miƙa akushinta kamar kullum. Inna ta dube ni, ta dubi ƙofar turakar Baba, ta ce da ƙaramar murya, "Aje shi." Na zaci mantuwa aka yi wurin awo. Washegari ma haka.

Kwana kaɗan sai ga kawuna, wan Inna, ya zo daga Gusau. Malami ne mai zafin kai, ba ya tauna magana. Na tare shi tun daga zaure da albishir. Bai ce barka ba. Ya tambaye ni, "Bana? Da wagga yunwa?" Na ce e. Ya yi tsaki.

Ya zauna a tabarmar Inna, ni kuma na maƙale kusa, na ce ya gaya mini abin da ya ɓata masa rai. Ya ce, "Kin san nafaƙa?" Na ce a'a. Ya ce ita ce ɗawainiyar da shari'a ta rataya wa mutum a wuya: ci da sha, da tufa, da wurin kwana. Tana kansa ga matarsa, da 'ya'yansa ƙanana, da iyayensa in ba su da shi, da duk abin da ya mallaka mai rai, bawa ko dabba. Ba kyauta ba ce, ba a gode masa a kanta, in ya hana a kai shi gaban alƙali.

"To Iya hwa?" in ji ni.

"Jiya tana da haƙƙi bisa wuyan ubanki. Yau ba ta da. Da tana da ƙarhin daka, da ba a tuna da ladan ɗiyautawa ba."

Na dubi Inna ko za ta ƙaryata shi, ta sunkuyar da kai tana tsince tsakuwa a hatsi. Wato rigar da Baba ya sa, da shaidun, da barkar da na yi ta amsawa har muryata ta dushe, duk don a rage malmala ɗaya ce. Na ji tsoron ubana a ranar, tsoron da ba irin na bulala ba.

Kawu ya shiga turaka, muka jiyo muryoyinsu sama-sama. Ya fito ya saɓa jakarsa bai ko sha furar da aka dama masa ba. Baba ya biyo shi yana cewa, "Wane littahi na taka? Nuna min!" Kawu bai juyo ba, don ya san babu.

Ba a kore ta ba, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. An bar mata ɗakinta. Ni da Inna muka riƙa gutsurar namu muna ɓoye mata a ƙoƙo, amma abin da bai ishi mai shi ba, ina zai ishi biyu? Ta kan turo mini rabi ta ce ta ƙoshi. Kuma ba ta fasa aikin jaki ba, ko da yake yanzu ba mai sa ta.

Sai jakin ya fara ramewa. Shi ne ke kai itace kasuwa ya dawo mana da ɗan hatsi, saboda haka Baba ya damu ƙwarai. Ya duba haƙoransa, ya ba shi jiƙo, ya ƙara masa dusa, a banza.

Wata safiya muka fito tare da Baba, shi zai kwance jakin, ni kuma ɗauke da tulu zan tafi rafi. Muka iske Iya durƙushe a bayan turke, ta ba mu baya. Jakin na ci ta wannan gefen ƙwaryar, ita tana ɗiba da hannu ta wancan gefen tana kaiwa baki, da sauri, tana haɗiya ba tauna. Da ta ji motsi ta waiwayo. Dusa a haɓarta, dusa a zanen kumatunta. Ta dubi mutumin da ta goya, ta goge hannu a zani, ta ce, "Ɗanɗanawa nikai, ko kanwa ta yi yawa."

Tulun ya suɓuce mini. Na zuba wa Baba ido, don na tabbata yanzu kam zai fashe da kuka, ya ce a ɗora tukunya. Sai ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar, ya miƙo mini, ya ce daga yau ni zan riƙa ba jaki dusa, kuma in tsaya a kansa har ya cinye.