Fitilar da Aka Kafa a Ƙofar Gidana

Na yi shekaru ina rubuta wa hukuma takardar koke a kan duhun unguwarmu a Bagudo. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa, kawuna kuma, ƙanen mahaifiyata, shi ne shugaba. Shi ke faɗa ni ke rubutawa, kuma na iya kwatanta duhu har mai karatu ya tsorata: macizai, ramuka, tsofaffi na tuntuɓe a hanyar masallaci. Ba a taɓa ba mu amsa ba. Da na tabbatar ba za a ba mu ba, sai na saki jiki na fara jin daɗin duhun.

Aikina duba lafiyar dabbobi ne, ranar kasuwa nakan je Dole Kaina in duba shanun da ake ƙetarowa da su daga Benin. Kallon taurari kuwa tun ina ɗalibi a Sakkwato ya kama ni. Ina da ƙaramin madubin hangen nesa, da ƙafarsa mai juyawa a hankali tana bin tafiyar taurari. Kyamara ce matsalata. Tawa ta ɗaukar biki ce, idan na bar ta a buɗe tana tara haske sai ta yi zafi, hoton ya fito da ɗige-ɗige kamar an watsa masa gero.

Akwai kyamarar da aka ƙera don wannan aiki kaɗai, mai fanka da abin sanyaya cikinta. Iri biyu ce. Ɗaya baƙi da fari take ɗauka, sai an riƙa sauya mata gilasan tace haske, kuma ita ke iya aiki a birni inda fitilu suka cinye sama. Ɗayar mai launi ce, ba ta da wahala, amma tana son duhu na gaske. Na daɗe ina jujjuya maganar a zauren masu wannan sha'awa da muke da shi a waya. Wani mutumin Legas ya tambaye ni yadda samanmu take, na ba shi amsa da ɗan alfahari cewa a garinmu ko tafin hannunka ba ka gani. Ya ce ai na gama zaɓe, in sayi mai launi in gode wa Allah.

Da ta iso, matata ta karɓe ta tana jujjuyawa. Ba ta fi gwangwanin madara ba.

"Ina wurin dannawa?"

"Babu. Da kwamfuta ake sarrafa ta."

"Wurin leƙawa fa?"

"Shi ma babu."

"To ɗauke ni in gani."

Na ce mata sai dai ta ƙetare kogi ta tsaya can nesa, kuma kada ta motsa har in sha shayi in dawo. Ta ajiye ta a kan tabarma, ta ce in bincika ko ragowar wani abu aka aiko mini.

Tsakiyar damina ce, kullum hadari. Na jira. Burina in ɗauki taurarin da ake kira Kaza da 'ya'yanta, domin akwai wani shuɗin hayaƙi da ya lulluɓe taurarin nan wanda ido ba ya gani, kyamara ce kawai ke fito da shi. Ruwa ya ɗauke, sama ta wanke tas, aka fara girbin shinkafa. A makon ne wata babbar mota ta shigo unguwarmu ɗauke da fitilun sola.

Ina dawowa daga kasuwa na tarar ana haƙa rami dab da katangata, kawu na tsaye da sandarsa yana nuna wa ma'aikata.

"Kawu, me ake yi a nan?"

"Taka ce. Kai ka wahala, kai za ka hwara shan haske."

"Da an kai ta bakin masallaci, an fi buƙatarta can."

"Masallaci ya samu. Wagga taka ce." Ya juya ga mutanen da suka taru. "Kun ji shi ko? Haka yake tun yana yaro, ba shi son a yaba mai."

Aka yi ta sa mini albarka. Na tsaya ina amsawa da amin har aka gama zuba siminti.

Fitilar mai kyau ce, ban taɓa ganin aikin gwamnati da ya yi kyau kamarta ba. Ana sallar magariba take kamawa, ta haska tsakar gidana har ana iya tsince tsakuwa daga shinkafa. Bayan isha na haɗa kayana na gwada. Abin da ya fito a kwamfuta farin fili ne, sai 'yan taurari a ciki kamar sun ji kunya. Na koma zaure na ba da labari, mutumin Legas ya yi mini maraba da shigowa birni. Na sayo gilashin tace haske na ɗaura wa kyamarar. Ya yi aiki a kan jajayen gizagizan da ke can tsakanin taurari, amma shuɗin da nake nema shi ma tace shi yake yi tare da hasken fitilar.

Kafin wata ya ƙare ƙofar gidana ta zama dandali. Mai soya kifi ta kawo kaskonta, masu dara suka haƙa gurabensu, matata ta fara sayar da kunun zaƙi. Ƙungiya ta zauna ta ɗora mini alhakin goge ƙurar faifan sola, tunda ni na fi kusa, kuma ni ne mai ilimin na'ura.

Sau ɗaya fitilar ta lalace. Da magariba ta ƙi kamawa, na fito na ga mutane sun yi cirko-cirko, duk ido a kaina. Mai kifi ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, ita dai ta ji ana cewa wani ba ya son haske. Washegari da sassafe na hau mota zuwa Birnin Kebbi na ɗauko mai gyara. Daren da ta kwana a mace kuwa, wani hadari da ya yi makuwa ya dawo ya rufe sama.

Yanzu idan wata ya yi duhu nakan ɗaure kaya a bayan babur in tafi gonar surukina a wajen Bahindi, da batir da kwamfuta da maganin sauro. A can na samu hoton. Yini guda na yi ina haɗa shi a kwamfuta, har shuɗin ya bayyana kewaye da taurarin.

Na tura shi a waya na kai wa kawu, yana zaune a kan benci a ƙofar gidana ana hira. Ya nesanta wayar da fuskarsa, ya matso da ita.

"Kaza ce wagga?"

"Ita ce, Kawu."

"'Ya'yan nata sun ƙaru." Ya ƙara dubawa, ya ga shuɗin, ya tsuke baki. Ya hura wa gilashin wayar iska, ya goge da hannun rigarsa sosai, ya miƙo mini, ya ce in riƙa kula da kayana.