Fom Goma da Tabon Cokali

Har gobe ban manta da wata ranar Alhamis ba, a shekarata ta biyu ina ba da kati a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ke bakin hanyar Shinkafi in an fito daga Ƙaura. Ku ƙannena da kuka tarar da aikin yanzu, ku saurara. Aikina shi ne rubuta suna da shekaru da unguwa, sai wani gurbi a rajista da ake kira sanadi. Ƙa'ida ita ce wanda ya kawo yaro shi ake tambaya. In ya ce faɗuwa, in rubuta faɗuwa. Duk wanda ya karanta rajistarmu zai rantse yaran ƙasar nan ba su da sana'a sai faɗowa daga katanga.

Ana nan aka kira shugabanmu, Malam Bello, da muke ce wa Inchaji, bitar kwana uku a Gusau kan kare yara. Ya dawo da riga mai rubutu da jaka da fom guda goma. Ya tara mu, ni da Sista Rahila, nas ɗinmu 'yar Filato, ya yi bayani: in aka kawo yaro da raunin da bai yi kama da labarin da aka bayar ba, a keɓe shi a tambaye shi, a cika fom, a aika wa jami'ar walwala ta ƙaramar hukuma. Yana gamawa ya naɗe fom ɗin a leda ya kulle a kabad, kada gara ta ci. Duk ƙarshen wata sai ya rubuta "babu" a rahoto, har aka yaba mana a taro, wai yankinmu ya fi ko'ina tausayin yara.

A ranar da nake faɗa muku, Alhaji Mamman mai hatsi ya zo da 'yar ƙanensa, Rabi, mai shekara shida. Uwarta ta rasu, ubanta ya tafi kudu neman abinci bayan an tashi ƙauyensu wajen Katuru. Ƙuna ce a bayan hannunta, har ta fara ruwa.

Na ce, "Baba, mi ya same ta?"

"Murhu ta hwaɗa, ɗiyata. Ba ta zama wuri guda."

Na yi shekaru a bakin murhu, ban taɓa ganin ya bar tabo mai siffar ƙwai da 'yar wutsiya ba. Na raɗa wa Sista, Sista ta raɗa wa Inchaji. Ya shigo ya rusuna, aka yi gaisuwa tun daga iyali har farashin gero. To keɓe yarinya yana nufin ya ce wa sa'an babansa ya fita waje, bakin Malam Bello kuwa ba zai iya wannan ba. Sai ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Alhaji, ya buɗe littafin bita ya karanto:

"Yarinya, shin akwai mai cutar da ke a gida? Ki saki jiki, wannan sirri ne."

Rabi ta zuba wa takalmin baffanta ido. "A'a."

Inchaji ya juyo gare ni ya ce, "Alhamdulillahi. Maman Sadiya, rubuta hatsari." Na kuwa rubuta.

Ni ba jaruma ba ce, ko a gida ban iya musu ba. Allah ne dai ya sa mini magana a baki. Na ce, "Baba, bari in kai ta ta kama ruwa kafin a wanke ciwon." Babu dattijon da zai bi mace bayi. A can na ɗaga rigarta. Tabo huɗu a baya da cinya, wani ya warke, wani bai warke ba, duk siffa ɗaya. Na durƙusa na riƙe ta, ban tambaye ta komai ba. Can ta ce matar baffanta ce.

"Cokali take sa wa wuta in na yi hitsarin kwance. Tun ranar da anka yi harbi garinmu nike yi. Don Allah kar ki hwaɗi. Yau ma na yi, ba ta gani ba tukuna."

Da muka faɗa wa Inchaji, sai ya dafe kai. "Kun san in munka cika fom ɗin ga, 'babu' ɗinmu ta ɓaci? Kuma Alhaji ne ke jan mu sallah in liman ya yi tahiya!"

Sista ta miƙa hannu. "Oga, ka ba ni makulli, ko in kira kafinta."

Ya ba ta, ta cika fom, ta kwantar da Rabi a gado, ta ce ba sallama sai jami'ar walwala ta zo. Na ɗauka Alhaji zai yi faɗa. Mamaki kawai ya yi.

"Au, don wanga ne? Ai horo ne. Mu ma haka anka yi muna." Ya naɗe hannun riga, ga tsohon tabo a damtse. "Ga shi nan. Na lalace?"

Na ga Inchaji yana jan hannun rigarsa ƙasa a hankali. Ni ma nawa yana ƙwaurina, na wuƙa mai zafi, don na ɗauki ƙuli-ƙuli ban tambaya ba.

Jami'a ta iso bayan la'asar, aka kira mai unguwa. Rabi ba ta koma gidan nan ba, an kai ta wajen kakarta ta wajen uwa a Shinkafi.

Abin da na koya shi ne, ba mugunta ce ta rufe mana ido duk shekarun nan ba. Kowannenmu yana ɗauke da tabonsa, kuma an koya mana mu gode wa wanda ya yi mana shi. In ka rubuta cewa an zalunci wannan yarinya, ka rubuta wani abu game da uwarka da ta riƙe maka cokali. Ni na yi wa tawa addu'a, Allah ya jiƙanta ya yafe mata, sannan na ɗauki biro na soke kalmar hatsari.