Ranar da Na Tauye Filin Gudu

Likita ne ya jefa ni harkar wasanni, ba sha'awa ba. Ya auna jinina ya ce ya hau, ya dubi tumbina, ya ce in zaɓa: ko tafiyar ƙasa kullum da safe, ko in fara shirya wasiyya. Na ji haushin maganar, amma na bi. Bayan sallar asuba sai in tafi filin wata makaranta kusa da gidanmu a Gidan Igwai in zagaya shi sau biyar ina haki, samari masu atisaye suna wuce ni kamar an dasa ni. Yau da gobe muka saba. Da gasa ta taso aka ce ana neman masu taimakawa don Allah, na ba da kaina. Aka ba ni wata 'yar riga mai ƙyalli da ta ƙi rufe mini ciki, na shekara biyu ina raba ruwa, ina jera kujeru, ina korar awaki daga fili.

Ni ɗan kasuwa ne, jikan ɗan kasuwa. Shadda da yadi muke sayarwa. A gidanmu ana iya yafe wa yaro kusan komai, ban da tauye awo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in ya auna yadi sai ya ƙara ɗan yatsa biyu kafin ya sa almakashi, yana cewa gara almakashi ya ci nasa da ya ci na mutane. Da wannan na tashi, kuma ba na ɓoyewa, ina alfahari da shi fiye da yadda ya kamata.

A shekara ta uku aka shirya gudun mita ɗari don a zaɓi mutum huɗu da za su wakilce mu a wata gasa a wata jiha. Shugabanmu wani tsohon malamin wasanni ne da ya yi ritaya, siriri, mai usur a wuya, kowa Malam yake ce masa. Ana gobe gasa ya zo yana faɗa: dogon tef ɗin awo yana kulle a ofis, mai makulli kuma ya tafi Wamakko ta'aziyya, sai gobe da rana zai dawo. Ga fili ba a zana ba.

Na ce, "Malam, in dai awo na, ai gidanmu kaz zo. Bar mani."

Na je shago na ɗauko sandar da muke awon shadda da ita. Na auna yadi goma a jikin igiya na ƙulla, ni da mai gadin makarantar muka shimfiɗa ta sau goma, muna kafa ƙusa, muna zuba toka. Layuka suka fito sak, ko tela ya gani sai ya yaba. Ba zan yi ƙarya in ce ban san mita da yadi sun bambanta ba. An koya mana a firamare, kuma abin ya ɗarsu a raina sa'ad da nake ƙulla igiyar. Sai na ce da kaina duk kanwar ja ce, ɗan bambancin nan bai taka kara ya karya ba.

Cikin masu gudun akwai wani mai walda daga Tudun Wada, shi ya taɓa gyara mini ƙofar shago. Ya haura talatin, idanunsa kullum jajur saboda wutar walda. Sau huɗu yana shiga irin wannan zaɓe, sau huɗu yana zuwa na biyar ko na shida. Kowa a filin ya san cutarsa: in aka hura usur yakan tashi kamar an harba kibiya, amma can wajen ƙarshe sai ƙafa ta mutu, a zo a wuce shi yana kallo. Ya faɗa mini da bakinsa cewa bana ce ta ƙarshe, gwiwa ta fara kuka, in bai samu ba ya rataye takalmi.

Da hantsi aka yi gudun ƙarshe, su takwas. Mai walda ya zo na huɗu. Wani dogon ɗalibi yana bayansa, tsakaninsu bai fi tafin hannu ba, kuma yana ƙara matsowa aka kai layi. Mai walda ya faɗi ya yi sujada a kan toka. Ya tashi goshi fari fat, ya karɓi wayarsa ya kira mahaifiyarsa yana dariya yana share ido. Masu riƙe agogo kuwa suka haɗa kai suna mamaki, wai ba su taɓa ganin lokaci mai kyau irin na yau ba, har na ƙarshe ma ya yi abin a zo a gani. Ni ma na gyara tsayuwa, kamar ni na yi gudun.

Bayan azahar mai makulli ya iso da tef, aka koma awon tsalle, aka ce in riƙe bakinsa. Mai sayar da yadi in ka ba shi abu mai tsawo, hannunsa ba ya jiran umarni. Na ɗora bakin tef ɗin a kan hancina na miƙa hannu, yadda nake yi wa shadda in ba sanda kusa. Na dubi inda yatsuna suka tsaya, na dubi alamar mita ɗaya. Tana can gaba, da faɗin yatsa huɗu.

Yatsa huɗu sau ɗari. Kan ɗan kasuwa ba ya jinkirin lissafi, ko da mai shi ba ya so. Kusan yadi tara na yanke wa filin, abin da ya kusa isa babbar riga da 'yar ciki da wando. Kuma a cikin wannan taran ne ƙafar mai walda take mutuwa. Gumin da ya keto mini ba na ranar Sakkwato ba ne.

Shaiɗan bai bar ni ba. Ya ce kafin magariba ƙafafu sun tattake tokar, gobe awaki su ƙarasa, wa zai sani? An rubuta sunaye, mutumin kirki ya samu abin da ya daɗe yana nema, ni mene ne nawa? Na kusa yarda, wallahi na kusa. Sai na hango dogon ɗalibin nan zaune shi kaɗai a gindin dogonyaro, yana kwance igiyar takalminsa a hankali, ba ya kallon kowa. Na ajiye tef na nufi Malam.

"Malam, akwai magana."

"Mi anka yi, Alhaji?"

"Hilin ga bai cika ba. Da sandar yadi niy yi awo."

Ya dube ni, yana juya usur a hannu.

"Ruwa ba su tsami banza," ya ce. "Tun ɗazu nika tambayar kaina, yaran ga da nis sani, yaushe sunka koma barewa?" Ya miƙo mini lasifika. "Za a sake bayan la'asar. Amma kai za ka hwaɗa musu da bakinka, ba ni ba."

Muka ja tef a gaban kowa. Inda tokata ta ƙare, sai da Malam ya ƙara dogon taku tara kafin ya kafa sabuwar ƙusa. Na ɗaga lasifika na faɗi abin da na yi. Dariya ta ɓarke. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya, "Alhaji, haka kaka yi muna kasuwa?" Na sha zagi a rayuwata, amma ban taɓa jin wanda ya shige ni kamar wannan ba. Na gode Allah da mahaifina bai ga ranar ba.

Mai walda bai yi dariya ba. Ya zo ya tsaya a gabana, tokar sujada tana nan a goshinsa.

"Baba Alhaji, na riga na gaya ma tsohuwata."

"Ka yi haƙuri. Ni nij jawo maka."

"Ba haƙuri nika biɗa ba," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Tsohon layin ga, ka share shi sarai. In idona yag gane shi, nan ƙahwata za ta tsaya."

Na aro tsintsiya wajen mai gadi. Na share, na kankare da takalmi, na ɗebo ƙasa a hular rana na barbaɗa, na sake sharewa, har ni kaina na kasa gane wurin. Ba wanda ya taya ni, kuma ban so a taya ni ba.

Bayan la'asar suka jeru. Malam ya ba ni bakin zaren da ake tarewa a layin ƙarshe in riƙe, ban sani ba ko hukunci ne ko tausayi. Ban taɓa yi wa gudu addu'a ba sai ranar. Usur ya yi ƙara. Mai walda ya fita gaba kamar kullum. A tsakiyar fili mutum ɗaya ya wuce shi. Ya zo daidai inda na share, na ga kansa ya fara komawa baya, haƙora a waje, alamar da duk muka sani. Dogon ɗalibin ya wuce shi. Wani ya sake wucewa. Ga na biyar a kafaɗarsa, numfashinsu ɗaya. Na ji wani yana kururuwa, "Taho! Taho!" ashe ni ne, na saki zare tuni. Mai walda ya jefa ƙirjinsa gaba ya kife a bayan layi.

Alƙalai uku suka haɗa kai. Ba su fi minti ɗaya ba, amma na tsufa a ciki. Malam ya karɓi takarda ya karanta: na ɗaya, na biyu dogon ɗalibi, na uku. Ya ɗan tsaya, don mugunta irin ta tsofaffin malamai, sannan ya kira mai walda a na huɗu.

Na zauna daɓas a ƙasa da shaddata, har ma'aikaciyar jinyar da ke taimaka mana ta bar masu gudu ta taho da gudu tana tambaya ko hawan jini ne. Na ce mata ba jini ba ne, sauƙi ne ya zo mini gaba ɗaya. Ta ba ni ledar ruwa.

Daɗin bai cika ba. Wanda ya zo na uku da safe shi ya faɗa na biyar. Na tashi na bi shi in ba shi haƙuri, ya dube ni, ya rataya jakarsa ya wuce, bai karɓi hannuna ba. Ban ga laifinsa ba, har yau.

Na dawo na tarar da mai walda yana kwance rigingine inda ya faɗi, gwiwa ta kuje, ƙirji yana sama yana ƙasa. Ya yafuto ni da hannu. Na durƙusa, na shirya jin duk abin da zai ce.

"Baba Alhaji," ya ce, yana maida numfashi, "nasarar sahe aro anka ba ni. Wagga tawa ta."

Na fasa ledar ruwan da haƙori, na tallafo kansa na ba shi ya sha.