Dodon Wuta da Ƙafar Zanaba

Ku 'yan yanzu, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurare ni. Ban taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba, baƙin boko ko ɗaya ban sani ba. Ni ke faɗa, wata ke rubutawa, kuma duk abin da ta sa sai ta karanta mini, don ba na son a yi wa maganata kwalliya. Sunana ba zai amfane ku ba. Wanda ya zauna unguwar Ridina a wancan lokaci ya san ni.

Kakannina daga ƙasar Kano suka taso da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, suka ce bari su ɗan huta. Har yau hutun muke yi. Ubana majemi ne, fatar damo da ta guza yake jemewa, saboda haka tun ina ƙarama na san damo kamar ɗan ɗakinmu. Na san inda macen ke haƙa rami ta binne ƙwai. Na san ƙwan laushi gare shi kamar fata, in ka juya shi ya mutu. Na san da rani damo kan daina ci ya lafe a rami sai ruwa ya sauka.

Da mijina ya rasu na kama sayar da kwanuka da tasoshi na gwanjo a kasuwar Dembe. Ina da ido. Ko murfin kwano ba a taɓa sace mini ba, kuma mace ba ta taɓa zama gabana da damuwa ban gane ba kafin ta buɗe baki. Mutane na tsorona, suna kuma yarda da ni. Ku riƙe wannan, don da shi na ci amanarsu.

A cikin kayana akwai wani jan fulas ɗan Sin da ya ƙi sayuwa. An zana wata halitta a jikinsa: jikin maciji, ƙafafu masu farce, wuta na fita daga bakinta. Mata na ganinsa sai su ce a'uzubillahi su ajiye. 'Ya'yan maƙwabtan rumfata kuwa suka dame ni. "Iya, mene ne wannan?" Wata rana kasuwa ta yi sanyi, na ce musu, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Na ce dodon wuta ne. Ƙasarsu tana bayan duwatsun arewa, inda yashi ke tafasa ruwa, inda ake kiwonsu kamar yadda muke kiwon raƙuma. Uwar takan binne ƙwanta cikin tokar dutse mai aman wuta, ta tafi ba ta waiwayo. In ɗan ya ƙyanƙyashe sai ya ɗauki kamannin damo, don kada shaho da aljanu su gane shi. Wata yarinya mai wayo ta ce, "Ina fikafikansa?" Na ce suna naɗe ƙarƙashin fata, a nan kafaɗa inda fatar ta yi tattara. Yana cin fara da katantanwa da ƙwai. Da rani yakan daina ci ya kwanta, ba ciwo ba ne, wutar cikinsa yake dafawa. Harshensa biyu ne, ɗaya na ɗanɗana gaskiya, ɗaya na ɗanɗana ƙarya. Saɓar da yake yi, in aka rataye ta a ƙofa ɓarawo ba ya shiga. Ranar da fikafikan suka tsage fata kuwa, kafin ya tashi sama yakan busa wa mai kiwonsa numfashi ɗaya, hayaƙi mai ɗumi. Duk ciwon da hayaƙin ya taɓa ya warke, duk hajar da ya taɓa ba ta kwantai.

Kullum ina ƙara wani abu, kullum kuma ina rufewa da "ƙurunƙus", yaran su watse suna dariya. Har yau ban ga wadda ta fi ni iya labari ba, ba kuwa zan ɓoye wannan don kunya ba.

Ran nan wani attajiri daga unguwar Kabalaye ya tsaya bayan rumfata yana taya kofunan shayi, kunnensa na wajenmu. Aka kira shi ya tafi kafin in rufe labarin. Washegari ya dawo shi kaɗai, ya sunkuyo.

"Hajje, dabbar nan da kike faɗa, ana samun ƙwanta?"

Da dariya na yi, da shi ke nan. Sai na dubi zoben hannunsa, na dubi rumfata da ke yoyo, na ce, "Da wuya."

Wannan kalma ce ta kai ni gidan kaso.

Na nemi masu kamun damo da suka san ubana, suka riƙa kawo mini ƙwai ba tare da sun juya su ba. Na jera su cikin tukunya da yashi mai danshi, na ɗiga musu lalle suka yi ja. In sun kusa fashewa sai in kai wa mai saye, ya ga abin ya fito da idonsa. Larabawan gari suka sa masa suna Abu-Nar, wato mai wuta. Ban taɓa talla ba. Kowane mai saye na ce masa asiri ne, kowanne kuma sai ya gaya wa amininsa.

Na san damo ba zai tashi sama ba, don haka na shimfiɗa ƙa'idoji. Kada gishiri ya taɓa abincinsa. Kada a ɗaga murya a gidan. Kada ƙarfe ya taɓa fatar wanda ke jiran numfashin. In an karya ɗaya, dodo ya yi fushi, zai zauna damo har abada. Nakan zaga gidajen in duba, kuma ban taɓa fita hannu banza ba. Attajirin nan ya gyara wa nasa ɗaki guda, yana ba shi ƙwai da hannunsa. Da ya fara ƙorafi na je, na kalle shi daga sama zuwa ƙasa.

"Alhaji, wa ya yi maka aski?"

"Wanzami mana."

"Da me? Da kara?"

Ya dafe kai, ya ba ni haƙuri, ya sayi wani.

Akwai ƙa'ida ta ƙarshe wadda na fi ji da ita, don ita ke toshe bakin dangi. Nakan ce in lokaci ya kusa, wata halitta mai baƙin ciki, Mai-aron-fuska, za ta zo ta ce maka ƙarya ne. Za ta zo da fuskar ƙaninka, ko ta limaminku, ko tawa ni kaina. Wanda ya saurare ta ya yi asara. Shekaru ina wannan sana'a, ko mutum ɗaya bai taɓa kai ni ƙara ba.

Sai Ashta ta zo. Bazawara ce matashiya a nan Ridina, ɗinkin hula take yi. Tana da 'ya ɗaya, Zanaba, wadda lokacin take famfara. Yarinyar na da gyambo a idon sawu, an sha magani ya ƙi. Ashta ta durƙusa gabana.

"Iya, an ce numfashin yana warkar da gyambo."

Na ce yana warkarwa, na sayar mata da ƙwan. A raina na ce wannan da allura take ci, ba za ta yi mako ba sai ta karya ƙa'ida, ta kai 'yarta gidan likita, kowa ya huta.

Na je dubawa. Na zaga ɗakin da idon nan nawa, ban ga ko tsinken allura ba. Ta bar ɗinki gaba ɗaya, wankau take yi. Tukunyar ƙasa, ludayin duma. Farcen yarinyar da haƙori take yanke shi. 'Yan kunnenta ma ta cire. Damon na kwance cikin kwando a kan tsohon zanen aurenta, ya yi ɓul-ɓul, ita da 'yar sun rame. Na koma, na sake komawa, ban sami abin kamawa ba. Matar nan ko tari ba ta yi da ƙarfi.

Damina ta wuce. Ranar da na koma tun daga zaure wari ya tare ni. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri, gefen gyambon ya yi baƙi. Ni 'yar majemi ce, na san warin naman da ya fara mutuwa. Zanaba na kwance jikinta zafi rau, ta ɗago ta ce, "Iya, ya daina cin abinci. Wutarsa yake dafawa, ko?"

Na ja uwar waje. "Ashta, ɗauki yarinyar nan ki kai ta gidan likita yau."

"Iya, allura za su yi mata."

"Su yi. Babu wani dodo. Damo ne, irin wanda ubana ke feɗewa. Ni na ƙaga labarin, ni na rina ƙwan da lalle."

Ta kalle ni, sai ta yi murmushi. Murmushin nan na fi tsana a duk rayuwata, don na farin ciki ne.

"Alhamdu lillahi," in ji ta a hankali, don kada ta ɗaga murya. "Ashe lokaci ya yi. Iya ta gaya mini za ki zo, har ta ce da fuskarta za ki zo."

Ta shige ɗaki ta sa sakata.

Na rantse mata da Allah ta ƙofa. Na kawo sauran 'ya'yan damon da tukunyar lallen na ajiye mata a tsakar gida, ta ƙi leƙowa. Na kira wanta, ta ce shi ma aron fuska ne. Na gina katanga da hannuna, na gina ta da kyau, ga shi ni kaina na kasa tsallakewa. Duk wanda zai yi mata magana na riga na kashe bakinsa. Abin da ya rage shi ne waɗanda ba magana suke yi ba, ƙofa suke ɓallewa, su kuwa ba za su motsa ba sai an ba su mai laifi.

Na yi wanka, na ɗaura zanena mai kyau, na ɗora tukunyar ƙwan a ka, na tafi kwamsariya, ofishin 'yan sanda, da ƙafata. Ɗan sandan da ke kan tebur ya tambaye ni da Larabci.

"Hajje, wa ke ƙara?"

"Ni."

"Wa kike ƙara?"

"Ni."

Ya kira abokansa su zo su ga mahaukaciya. Na sauke tukunyar, na fasa ƙwai ɗaya a kan teburinsa, ɗan damo ya faɗo yana motsi. Na ce, "Ku gama dariyar da wuri, akwai yarinya a Ridina da ƙafarta ke ruɓewa." Na ba su labarin tun daga fulas. Dariya ta tsaya.

Suka ɗauki mai unguwa muka tafi. Suka ɓalle ƙofar. Ranar ce Ashta ta ɗaga murya, ihun da ta tara wata da watanni. Ba ni take zagi ba, roƙonsu take kada su sa wa 'yarta ƙarfe, saura kaɗan. Ina tsaye ban sunkuyar da kai ba, don na ga ya kamata in gani.

Likita ya ce da an ƙara kwanaki da sai an yanke daga gwiwa. Ƙafar ta tsira, amma idon sawun ya ƙage.

A gaban alƙali ban rage komai ba. Manyan da na cuta yawancinsu kunya ta hana su zuwa, wa zai tsaya ya ce ya yi wa damo ɗaki? Aka ɗaure ni shekara uku. Gidan kaso ba wurin mutum ba ne: zafi, ƙwarƙwata, yarinyar da ba ta kai 'yar cikinki ba ta ce miki tashi ki tashi. Matan ciki suka ji laifina, suka nace sai na ba su labarin dodon. Na ba su. Amma kafin in fara sai kowacce ta amsa "ta zo mu ji ta", kuma ba mai tashi sai na ce ƙurunƙus ta maimaita.

Da na fito na koma Dembe da kwanuka. Rumfar ta zama ta wani, na shimfiɗa buhu a ƙasa. Ashta ta saki damon a bakin kogi, ta koma ɗinkinta. Na je neman gafara ta juya mini baya, har ta koma ga Allah ba ta amsa sallamata ba. Haƙƙinta ne, ban ga laifinta ba.

Wadda ke rubuta wannan Zanaba ce. Ta yi lakwal, ta zama budurwa, ita ta nemo ni da kanta. Yanzun nan ta ajiye alƙalami ta ce, "Kaka, ki ce kin yi nadama."

Na ce, "Ai na faɗa."

"Ba ki faɗa ba. Tun ɗazu yabon kanki kike yi."

Ta yi gaskiya, to rubuta. Na yi nadama. Na tuba ga Allah, kuma duk takun da yarinyar nan ta yi ina jin sa a ƙirjina. Abu ɗaya ne ba zan ba da haƙuri a kansa ba: ba wanda ya kama ni, ni na kai kaina, kuma ƙafar tana nan.

Ku kuma, ku ji. Ba yunwa ce ta sa ni zamba ba, iyawa ce. Wanda Allah ya ba baki, ko ido, ko hannu mai sauri, shi ya fi kusa da ramin nan, don zai ga abin ya zo masa da sauƙi ya ɗauka rabonsa ne. In an tambaye ka abin da ka san babu, ka ce babu tun a karon farko. Kada ka ce wayayyu kaɗai kake ci. Ƙaryarka za ta wuce su ta je ta sami mai gaskiyar da zai riƙe ta fiye da kai, ranar nan ko ka rantse da Alƙur'ani ba za ta dawo hannunka ba. In kuwa an ba ka magani aka ce kada ka saurari kowa, ka tashi ka bar wurin, ko da mai maganar ta kai ni kwarjini.

Labarin dodo na rufe shi tuntuni. Wannan kuwa ba zan ce masa ƙurunƙus ba. Mai shakka ya zo Dembe da la'asar, ya tsaya ya ga yadda Zanaba ke tafiya in ta kawo mini shayi.