Ranar da Muryata Ta Ƙi Fita a Tibiri

Shekarun baya, ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'armu a Maraɗi. In na ɗaga murya mata su amsa, masu buga tulu su biyo baya. Har daga Jiratawa ake aiko kabu-kabu ya ɗauke ni in ana bikin aure. Mutane da yawa ba su ma san sunana ba, "mai waƙa" suke ce mini, ni kuwa ina jin daɗin abin har cikin ƙashina.

Sai maƙoƙo ya fito mini a wuya, aka yi mini aiki. Likita ya ce muryar za ta iya canzawa, na ji shi da kunne ɗaya. A raina na ce ai ba irin tawa yake nufi ba.

Da taron mata na shekara ya zo a Tibiri, na ɗaura zanen zumunta, na rufe tabon da ɗankwali, na wuce gaba inda na saba tsayawa. A gida na ɗan gwada ƙasa-ƙasa, na ga kamar da dama. Aka fara buga tulu, aka yi shiru ana jirana. Na buɗe baki, abin da ya fito kamar an ja tsohuwar ƙofar kwano. Na sake gwadawa, iska kawai ta fita.

Sai wata mata daga layi na biyu ta ɗauki waƙar, aka amsa mata. Abin da ya fi girgiza ni ke nan. Waƙar ta tafi sumul, mata na rausaya, babu abin da ya ragu. Ni a zatona in babu ni taron watsewa zai yi.

Daga ranar na daina zuwa sujada. Ƙawayena suka yi ta sintiri gidanmu a unguwar Zariya, ina ce musu wuyan ne bai warke ba. Gaskiyar kuwa, ban san ko ni wace ce ba in ba na waƙa, ban kuma ga abin da Allah zai yi da ni ba.

Mahaifiyata ta zo daga Jiratawa wata Asabar. Tsohuwa ce da duk rayuwarta a bencin baya take zama, in tana waƙa kowa ya san hanyarta daban da ta jama'a. Ta tarar da ni kwance, ta tambayi dalili. Na ce mata da murya a dishe, me zan je in ba Yesu yanzu, abin da nake da shi an karɓe. Na zaci rarrashi za ta yi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce:

"Ashe ke ƙodago kika tahi yi mishi? Ni duk zatona ɗiya ce ke a gidan. Ran da ya mutu dominki, wace waƙa kika yi mishi?"

Ta tashi ta shiga kicin abinta, ta bar ni nan kwance.

Washegari na bi ta majami'a, muka zauna a bencin baya. A nan na sake shan mamaki. Waƙoƙin da na yi shekaru ina bayarwa, ranar na fara jin abin da suke faɗa, domin da can hankalina na kan tulu da numfashi da idon jama'a. Na yi kuka har tsohuwa ta miƙo mini bakin zanenta.

Muryar ba ta dawo ba har yau, kuma ba zan ce ba na kewarta ba. Wani lokaci in an ɗauki waƙa da ƙasa, maƙogwarona har motsi yake yi. Amma na gane Yesu bai karɓe ni don ita ba, bai kuma sallame ni da ta tafi ba. Kwanaki matar sabon fasto ta tambaye ni wane aiki nake riƙe da shi a majami'a. Har na gyara tsayuwa zan kwararo mata tarihi, sai na ce mata ba na riƙe da komai, ni 'yar gida ce.