Ranar da Na Kori Masu Dubiya

Gwiwa ce ta fara damun Inna, mahaifiyata. Duk ranar da zan shiga kasuwar Sabon Gari sai ta ce, "Ki biya kemis ki sayo mini haɗi." Mai kemis ya tsinto ƙwayoyi farare da jajaye ya ƙulle a leda, ba kwali, ba suna. Ni da hannuna na yi ta kawo mata, wata da watanni.

Sai zazzaɓi, sai gyambo a baki, ko koko ba ya wucewa a maƙogwaro. Muka yi maganin maleriya, muka yi na taifot, shiru. Da aka ɗebi jininta a asibiti, likita ya ce fararen ƙwayoyin jininta, masu yaƙi da cuta, sun kusa ƙarewa, kuma haɗin nan yake zargi. Bayan ta kwana biyu a gado aka sallame mu da sharaɗi: ba haɗi, ba taro, mai mura ma kada ya matso, don cutar da wani zai shanye ita tana iya kai ta kabari.

Ba taro? A gidanmu na Samaru? Kafin mu sauke kaya takalma sun cika ƙofar ɗaki. Wannan da kunu, waccan da goyo mai majina, kowa sai ya kama hannunta ya ce sannu. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Suka ce ai cuta da mutuwa na Allah ne. Wa ya ce ba nasa ba ne, jama'a?

Rana ta uku raina ya gama ɓaci, na jawo kujera na tare ƙofa. Sai ga Goggo, yayar babanmu, takanas daga Dogarawa, tana tari kamar tsohon injin niƙa.

Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, ki gaishe ta daga nan."

"Ni? Ni da na yanke miki cibi? Lallai boko ya yi rana!"

Na yi kunnen uwar shegu. Ta dire kwanon da ta kawo ta juya.

Na leƙa ɗaki, na tarar Inna ta juya fuska bango tana hawaye. Na ce, "Inna, don ki rayu fa nake yi."

Ta ce, "Na sani. To in ban rayu ba fa? Kin kore su duka, wa zai wanke gawata?"

Ina tsaye a nan na ji sallamar wata mata daga zaure, na share fuskata na fita in tare ta kafin ta shigo.